Ƙafar Jalal da Kazar Baba Yusufa

New Bell, Duwala
Farkon watan Yuli

Zuwa ga Yayana Muhammad Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen dajin da kake sayar wa kaya. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa. Matarka Maman Sumayya tana gaishe ka. Sumayya ta ce a gaya maka haƙorinta na gaba ya fita. Wakili direban motar katako zan ba wannan takarda, tunda ka ce waya ba ta kamawa a wajenku.

Yaya, abin da na gani ranar Asabar da safe shi ya sa na ɗauki biro. Na sauke wata mata a Kassalafam, na juyo da bensikin ɗina, mashin ɗin da nake haya da shi, sai na ga yaran unguwarmu a filin bayan makaranta suna buga gasar hutu, wadda suke ce wa sampiyona. Na kashe mashin na tsaya, don Jalal ɗinka yana ciki, da lamba bakwai a bayansa. Ka san filin nan. Yashi ne a sama, ramuka a ƙasa, ruwa ya cika su ya shafe, ba ka sanin inda rami yake sai ka taka. Ko ɗan ɗumama jiki yaran ba su yi ba, daga cin ƙosai sai busa usur.

Jalal ya yanke wani dogon yaro, ya ɗaga kai zai buga, sai ƙafarsa ta hagu ta faɗa rami. Takalmin ya tsaya cak, ƙafar ta juya a cikinsa. Godas ɗin nan ne da ka aiko masa da Sallah, sun yi masa yawa, tsumma yake cusawa a gaba. Ban ji ƙara ba, amma na ga fuskarsa.

Kocinsu Sirajuddeen, mai gyaran wayar nan na bakin kasuwa, ya rugo da gorar ruwa ya watsa masa yana cewa, "Debout, petit, tashi! Ai kai namiji ne. Ça va aller, zai wuce." Yaro ya miƙe, ya ƙarasa wasan kamar mai taka garwashi. Na ɗaga murya daga bakin fili na ce a fitar da shi, wani ya juyo ya ce min, "Ɗan bensikin, je ka nemi fasinja."

Kafin azahar idon sawun ya zama kamar mangwaro. Maman Sumayya, ka san kunyar ɗan fari, ko kallonsa sosai ba ta yi ba. Ta dai dafa ruwa, ta miƙo min tawul ta ce in gasa wa "yaron nan". Na gasa. Kumburin sai ya ƙaru.

Da la'asar na goya shi zuwa wurin Baba Yusufa mai ɗori. Ya lailaya wurin, ya ja, yaron ya ciji hannun rigata. Baba Yusufa ya ce tsagewa ce. Sai ya ce a kawo budurwar kaza, kamar yadda ya gada wurin mahaifinsa. Ya karya mata ƙafar hagu, ya shafa musu magani ɗaya ita da Jalal, ya ɗaure kowannensu da ƙananan itatuwa. Ya ce mu tafi da ita gida, ranar da kaza ta taka ƙasa, to ƙashin yaro ya haɗe. Yanzu tana cikin kwando a bakin ƙofa. Sumayya ta naɗa kanta likitarta, har da hana mu yin magana da ƙarfi.

Yana cin abinci, ba zazzaɓi. Abin da yake damunsa ɗaya ne, kada sampiyona ta ƙare yana kwance. Ka sa shi a addu'a.

Ƙanenka,
Husaini

*

Dajin bayan Yokaduma
Cikin Yuli

Ƙanena Husaini,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, ta ɗan jiƙe amma ta karantu. Ina lafiya, sai ciwon baya da sauro. Ka gaishe da mutanen gida, ka ce wa Sumayya ta jefa haƙorin a kan rufi.

Ka kyauta da ka kai ɗan naka wurin Baba Yusufa. Kana ƙarami lokacin da na faɗo daga motar goro, shi ya ɗora min hannu, da baƙar kaza. Yau da hannun nan nake ɗaga buhun shinkafa. Abin da ya ce shi za a bi, ba ƙari ba ragi.

Na ga inda ka saƙa maganar takalmi. Na karanta wurin sau biyu. Yaro girma yake yi, wa ka taɓa gani ya saya wa yaro takalmi daidai ƙafa? Ina nan cikin daji ina auna wa masu saran itace gishiri da gwangwani, na tuna da shi na aika, yau kuma ni ne na karya masa ƙafa. Babu komai.

Wakili ya gaya min abin da kai ba ka rubuta ba. Ya ce mutanen wata makarantar ƙwallo ta wajen Japoma za su zo kallon final a ƙarshen Agusta, su ɗauki yaran da suka yi musu. Ya ce duk unguwa sunan ɗan naka ake kira. Husaini, ni ba na so ya ƙare a inda na ƙare, ko ya ƙare a kan bensikin yana shaƙar hayaƙin Ndokoti. Irin wannan ƙofa ba ta buɗuwa sau biyu ga ɗan New Bell.

Ranar da kaza ta taka, ka aiko min.

Yayanka,
Muhammad Bashir

*

New Bell
Ƙarshen Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan bayan naka ya yi sauƙi. Mu nan ruwa ya shiga ɗakina har ya ɗaga tabarma, amma kowa lafiya.

Da farko ka yi haƙuri da maganar takalmi. Wallahi ban nufi laifinka ba ne. Abin da idona ya gani na rubuta, ka san ni ban yi nisa a makaranta ba, ban iya jera magana yadda ba za ta soki mutum ba. Duk unguwar nan ba yaron da yake da godas irin nasa, har wanke su yake yi da buroshin haƙori.

Kaza ta taka. Ranar Talata Sumayya ta kwarma ihu, muka fito a guje muna zaton wuta ce. Ga kaza a tsakar gida tana bin ƙwayar shinkafa da ƙafa biyu. Maƙwabta suka shigo ana barka, har matar nan 'yar ƙabilar Bamileke mai sayar da gasasshen kifi ta leƙo ta ce, "Ashiya, sannu petit, ka warke." Baba Yusufa ya zo da kansa ya kwance ɗaurin, ya ce yaro ya taka. Ya taka. Sirajuddeen ya iso da mayo, rigar ƙwallon Jalal, a hannu yana dariya, ya ce ƙungiyarsu ta tsallake ba Jalal, amma final ba za ta ciwu ba sai da shi.

Akwai ɗan abin da nake gani, ban sani ba ko idona ne. In ana kallonsa tafiyarsa daidai take. In ya shiga lungun famfo, inda yake zaton ba kowa, ba ya sauke dunduniya. Jiya a masallaci ina bayansa a sahu, da aka zauna tahiya bai iya zama a kan ƙafar hagun ba, sai ya zame ta gefe kamar tsoho. Na tambaye shi a hanya, ya ce, "Baffa, kai ma kana so ka zama likita irin Sumayya? Kaza fa ta taka."

A ganina da ɗan saura. Amma kai ne babba, kai ne ubansa, Baba Yusufa kuma ya fi ni sani.

Ƙanenka,
Husaini

*

Dajin bayan Yokaduma
Farkon Agusta

Husaini,

Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Ranar da takardarka ta zo na raba wa yaran kamfanin katako alewa, suna tambayata ko haihuwa aka yi min. Bayan ya yi sauƙi don murna.

Maganar takalmi ta wuce. Ka ce da ɗan saura, to ai ɗan saura motsa jiki ne yake fitar da shi. Ni ma bayan an kwance min hannu na yi kwanaki ban iya kai loma baki da kyau ba. Ƙafa ta daɗe a ɗaure, dole ta yi tsami. Kada ku mai da shi mace da lallashi.

Ga maganata, ka karanta wa Maman Sumayya: yaro ya koma fili, ya buga final. Na sa Wakili ya faɗa wa kocin nasu haka baki da baki, don kada a ce ba a ji daga gare ni ba.

Ruwa yana cin hanya, motoci suna kwana a taɓo. In ka ji ni shiru ba wani abu ba ne.

Yayanka,
Muhammad Bashir

*

New Bell
Tsakiyar Agusta

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. Wannan karon ba zan lulluɓe magana ba, don na lulluɓe ta a takardar baya ka ɗauki mayafin ka bar abin da yake ciki.

Ƙafar Jalal ba ta warke ba.

Ya koma atisaye kamar yadda ka ce. Kullum ya dawo idon sawun a kumbure, yana jan safa ya rufe. Ranar Alhamis ina jiran fasinja na hango shi wurin mai tallar magani a bakin titi yana sayen ƙwayar kashe zafi. Na bi shi na kama hannunsa, ya ce kafin kowane atisaye yake haɗiya, abokansa ma haka suke yi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu, Yaya. Ban yi masa faɗa ba. Na ce hau, na wuce da shi asibiti.

Mun yi rabin yini a layi. Aka ɗauki hoton ƙashi, wanda suke ce wa radiyo. Likitar mace ce, ta ɗaga hoton a hasken taga ta nuna min da bakin biro. Ta ce ƙashin yaro ba irin na babba ba ne, kusa da gaɓa akwai wani wuri mai taushi, daga nan ƙashi yake ƙara tsawo. A nan tsagewar take. Ta fara haɗewa, gudun da yake yi yana sake buɗe ta. Ta ce in ya ci gaba, wurin yana iya mutuwa, ƙafar dama ta yi ta girma ta hagu ta tsaya, ko ta karkace. Na ce mata kaza ta taka. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ƙashin kaza ɗan siriri ne, nauyin da yake ɗauka bai kai na tulu ba, kuma kaza ba ta yanke mutum a guje.

Ta tambaye ni me aka yi masa ranar farko. Na ce ya ƙarasa wasa, sannan mun gasa da ruwan zafi. Ta ce da an fitar da shi nan take, an sa ƙanƙara a tsumma an ɗora, an ɗaga ƙafar a kan matashi, da abin bai kai haka ba. Zafi sai bayan kumburi ya sauka. Ni da hannuna na gasa, ban sani ba.

Tana so ta sa masa filasta, ba ƙwallo sai bayan an koma makaranta da daɗewa. Jalal ya fashe da kuka ya ce Babansa ya ce ya buga. Na dawo gida na gaya wa Maman Sumayya. Tana tsince shinkafa ta ce, "Husaini, maganar Yayanka tana kaina. In na tsallake ta, da wane baki zan tare shi?" Sirajuddeen kuma duk inda ya gan ni sai ya ce, "Le papa a dit oui, uban yaro ya yarda. Kai wane ne?"

Gaskiyarsa, ni ba kowa ba ne. Shi ya sa nake roƙonka ka janye maganar da bakinka. Wakili ya ce gada ta karye a hanyarku, ba zai tashi ba. Na ba wani yaron mota, Awalu, wanda ya ce za su zaga ta wata hanya. Layi ɗaya ya isa, Yaya. Ko ka hau tudu ka nemi waya.

Ƙanenka,
Husaini

*

New Bell
Farkon Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, don shirun ya yi yawa. Mu nan ba wanda yake kwance. Ruwa ya fara sassautawa. Wakili ya ce an gyara gada, gobe zai tashi. Ban sani ba ko takardar da na ba Awalu ta same ka, ko tana cikin wata mota a taɓo. In ba ta zo ba, ga abin da yake cikinta a taƙaice: hoton asibiti ya nuna ƙashin bai haɗe ba, likita ta ce in ya buga yana iya gurguncewa. Na jira amsarka har safiyar final. Kullum sai na biya ta tashar motocin katako, har masu shayin wurin suka fara ce min mai jiran gawon shanu.

Jalal bai buga ba. Ni na hana. Ga yadda aka yi.

Tun ana gobe na kwashe ƙwayoyin da ya ɓoye a cikin godas. Da safe ya fito da mayo a jiki, ya shafa mai, ya taje kai. Sirajuddeen ya zo ɗaukarsa da yara biyu. Ni kuma na riga na je na roƙi Baba Yusufa ya tako, na ce masa aikin hannunsa za a gwada, bai kamata a yi ba ya nan ba. Ya zo yana mita, ya zauna a kan turmi.

Na ce wa Jalal, "Ba zan yi jayayya da maganar Babanka ba. Ga famfo can. Ka ɗaga ƙafar dama, ka yi ɗangalgala da ta hagu har ka taɓa shi. In ka kai, ni zan goya ka zuwa fili, in tsaya ina yi maka tafi." Likitar ce ta gaya min yaron da bai iya wannan ba bai isa shiga wasa ba.

Sirajuddeen ya ce, "Wannan wane irin sinima ne? Lokaci yana tafiya."

Jalal ya kalle ni kamar zai cinye ni. Ya ɗaga ƙafar dama. Ya yi tsalle na farko, ya cije leɓe. A na biyu ƙafar ta lanƙwashe, ya kama igiyar shanya, igiyar ta tsinke, ya zube da kayan wankin a kansa. Ba wanda ya yi dariya, har Sumayya. Ya ture hannuna, ya miƙe zai sake.

Sirajuddeen ya durƙusa yana cewa a ɗaure da bandeji da ƙarfi, rabin lokaci kawai zai buga, mutanen Japoma su gan shi a fitar da shi. Ya juya wurin Baba Yusufa ya ce, "Baba, ba kai ka ce ya warke ba?" Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya ce, "Ubana da kaza yake auna mai zuwa kasuwa da mai zuwa masallaci. A zamaninsa ba wanda yake tashi daga ɗori ya je a yi ta harbinsa a ƙafa. Ni ɗori na yi, ƙwallo taku ce." Ya kakkaɓe riga, amma bai tafi ba.

Yaro ya sake ɗaga ƙafa. Sai Maman Sumayya ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ce, "Jalaluddeen. Zauna." Yaya, tunda aka haife shi ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Shi ma bai taɓa ji ba. Ya zauna a cikin jiƙaƙƙun kaya ya sa kai a gwiwa.

Na cire masa mayo na miƙa wa Sirajuddeen. Na goya Jalal zuwa asibiti aka sa filasta. A hanya muna jiyo ganguna da vuvuzela daga fili, na ƙara wuta don mu wuce da sauri, sai ga cunkoso, muka tsaya cak muna ji.

Ƙungiyarsu ta ci. Mutanen Japoma sun zo da gaske, ba ƙarya Wakili ya yi maka ba. Sun ɗauki yara biyu, ɗaya shi ne wanda aka ba lamba bakwai. Ba zan ce maka baɗi za su dawo ba, don ban sani ba. Likita ta ce in an yi haƙuri ƙafar za ta koma daidai, za ta ci gaba da girma tare da 'yar'uwarta. Wannan kaɗai nake da shi da zan ba ka.

Jalal ba ya yi min magana. In na shigo sai ya juya fuska bango. Ni nake ɗaukarsa zuwa bayan gida, yana rataye a wuyana. Na gaji, Yaya, ban taɓa gajiya irin wannan ba, ko ranar da na tura mashin daga Ndokoti zuwa gida.

Na karya maganarka, kuma ni kaɗai na karya ta. Matarka ba ta ce a sa filasta ba, zauna kawai ta ce wa ɗanta. In za ka yi fushi, ka yi da ni. Abin da nake roƙo shi ne kada wani ya gaya maka cewa lafiyayyen yaro na hana wasa don baƙin ciki ko don tsoro, tunda na ji an fara faɗin haka a bakin kasuwa. Ba ni kaɗai na ga ƙafar nan ta lanƙwashe ba. Baba Yusufa yana kan turmi. Sirajuddeen yana durƙushe kusa da shi, ko zai musa ka sa shi ya rantse. Maman Sumayya tana ƙofar kicin. Malam Jibirilla ladan ya shigo ɗiban ruwa, yana tsaye da buta a hannu. Sumayya ma ta gani, ita kuwa ka san ba ta iya ɓoye komai ba.

Ƙanenka,
Husaini